Shanun Laka a Majigin Alhaji

Mukhtari mai majigi na kunna inji ya gane an musanya masa faifai a Sakkwato. Maimakon hoton Alhaji ɗan takara yana buɗe rijiya, sai ga yaron wata ƙasa tsugune bakin tafki yana gina shanun laka. Filin makarantar Sifawa ya cika maƙil, ga Alhajin a kujerar gaba. Mukhtari ba ya jin ko zo in kashe ka a yaren, amma tunda lasifika na hannunsa, sai ya ce ɗan talaka ne da 'yan hamayya suka hana fura.

Mainasara dillalin albasa aka ba jagorancin tafi, don taurin idonsa. Shekara ashirin cikin albasa, ba mai shaidar ƙwallarsa. Ko bara da ƙyanda ta ɗauke ɗansa Attahiru, daga maƙabarta kasuwar Bodinga ya zarce. Ɗan fari ne, saboda kunya ko sunansa bai taɓa kamawa ba, "yaron nan" yake cewa. Gari ya ce namijin duniya, shi ko da wannan kirari yake taƙama.

Yaron majigi ya raɗa wa kowace saniya suna, yana shayar da su a murfin kwalba. Haka Attahiru yake yi a bayan rumbu. Can yaron majigin ya kwanta ciwo, ya jera shanun gefen tabarma su yi gadinsa. Sai aka nuna tabarma a naɗe, ruwan sama na narkar da shanun.

Mukhtari ya ce Alhaji zai gina asibiti, a yi tafi. Kowa ya dubi Mainasara. Hannuwansa sun tashi amma ba su haɗu ba, sai ƙaton nan ya rushe da kuka kamar maraƙin da aka yaye.

Alhaji bai bar banza ta wuce ba. Ya karɓe lasifika, ya ce yau ya ga ƙauna, tunda har Mainasara ke kuka dominsa. Ya ciro hankici ya goge busassun idanu. Nan da nan 'yan jam'iyya suka shiga gasar shessheƙa, mai neman kansila har da birgima.

Kunya ta kori Mainasara gida. Matarsa Atika ta dubi fuskarsa.

"Malam, mi as same ka?"

Ya ce albasa ce. Ta tuna masa cewa a wannan tsuke bakin aljihu, rabon gidan da albasa tun Sallah. Ta laluba ƙarƙashin gado, ta jawo ƙwarya, ta ajiye gabansa. Shanun lakar Attahiru ne guda uku. Babban bijimin ƙaho ɗaya gare shi, Mainasara ne ya taɓa take shi, har ya haɗa da faɗa.

Ya ɗauke shi a tafin hannu.

"Wanga, wane suna Attahiru yab ba shi?"

Atika ta ɗago kai. Shekara tara tun haihuwar yaron, ba ta taɓa jin sunan a bakinsa ba.

Ta ce, "Baba."