Ranar da Aka Ɗauki Kofi

Tun da safe Inna ta goge rediyonta, ta sa sabon batir. Yau shekara ashirin da jirgin fito ya kife da mijinta, kuma autanta ne ke gabatar da shirin tarihin ranar. Ta kasa kunne. Ya faɗi kofin ƙwallon da ƙasa ta ɗauka a wannan rana, har da sunan wanda ya ci ƙwallon. Sai tallar sabulu ta shigo.

Da ya dawo ta ajiye masa abinci, ta ce, "Auta, jirgin babanka fa?"

Ya wanke hannu, ya jawo kwano. "Haba Inna, jirgi ai kullum kifewa yake. Kofi kuwa sau ɗaya muka ɗauka."