Fadamar Gwaggo Verna

A Pardy, ƙauyen masunta da ke gaɓar tsibirin Newfoundland, mutum zai ba ka aron kwale-kwalensa ba tare da ya tambaye ka ina za ka ba. Zai bar ƙofarsa a buɗe, ka shiga ka dafa shayi ko ba ya nan. Amma kada ka kuskura ka tambaye shi inda yake tsinko bekaful, don nan take zai koma kurma. Bekaful 'ya'yan wani ɗan tsiro ne na fadama, launin ruwan ɗorawa, ɗaya tal a kan kowane kara. A watan Agusta suke nuna, kafin ka ankara sun wuce. Kowace tsohuwa tana da wurinta, kuma duk ƙauyen an sallama cewa na Gwaggo Verna ya fi na kowa, ko da yake ba wanda ya taɓa ganinsa.

A gidan Gwaggo Verna aka sauke Dolma, ɗaliba 'yar Nepal da jami'a ta turo ta yi binciken kifi a lokacin zafi. 'Yar tsauni ce, ba ta taɓa ganin teku ba sai da ta zo ƙasar. Ranar da ta fara shiga jirgin masunta ta amayar da duk abin da ta ci, suka yi ta tsokanarta har aka dawo. Washegari sai ga ta a bakin ruwa tun kafin su zo. Daga nan suka daina dariya, suka koya mata feɗe kifi da barbaɗa gishiri. Komai na wurin burge ta yake yi: tsaunin ƙanƙara yana tafiya a kan ruwa, gidaje ja da shuɗi a manne da dutse, tsofaffin da ke zagin juna da safe su ci abinci tare da yamma.

A irin wannan zagin ba wanda ya kai Gwaggo Verna da maƙwabciyarta Gwaggo Effie. Tare suka taso, tare suka tsufa, shingen katako kawai ya raba gidajensu.

"Verna, bana ma ke kaɗai za ki cinye? Ko kabari za ki tafi da wurin?"

"Da in gaya miki gara in gaya wa rediyo. Shi aƙalla ana kashe shi."

Wata safiya Gwaggo Verna ta turo wa Dolma takalman roba da bokiti.

"Sa ki biyo ni, 'yar nan. Gwiwata ba ta son kaya. Kuma ki ji, ke na zaɓa don kin kusa komawa ƙarshen duniya. 'Yata ta cikina ban kai ta ba, bakinta ba shi da murfi. Abin da idonki ya gani, ya tsaya a idonki."

"Na yi alkawari, Gwaggo."

Suka bi ta bayan coci kamar masu zuwa maƙabarta, sannan suka karkata cikin daji. Ƙasar tana lotsawa a ƙarƙashin ƙafa kamar katifa, ƙudaje suna cizo ba tausayi, tsohuwar kuwa tana gaba tana ɗingishi, ko waiwaye ba ta yi. Can suka ɓullo ta gefen wani dutse da ya tsage biyu, sai Dolma ta tsaya cak. Fadama ce shimfiɗe har bakin wani ɗan tafki, bekaful ko'ina kamar an watsa, ga teku can ƙasa yana sheƙi. Sai dariya kawai take yi.

"Mijina Hedley ne ya gano shi, shekarar da muka yi aure," in ji Gwaggo Verna. "Ruwa ya ci shi, ya bar min wannan. Ki tsinka nan, ina zuwa."

Ta zagaya bayan dutsen, ta jima. Da ta dawo idonta ya yi ja, ta ce ƙudajen nan ba su da mutunci. Suka hura wuta suka dafa shayi, suka ci burodi da busasshen kifi. Kafin su taso Dolma ta ɗauki hoto guda da wayarta, don ta nuna wa mahaifiyarta idan ta koma.

Ba a yi mako ba Gwaggo Effie ta kira ta shan shayi. Hira ta yi daɗi, tsohuwar ta ce a nuna mata ƙasarsu. Dolma ta matso da wayar tana turawa da yatsa: ga gidansu, ga gonar gero a kan tudu, ga ƙaninta da akuya. Ta sake turawa, sai ga tsagaggen dutse, ga tafki, ga bokiti cike da bekaful. Ta yi wuf ta kife wayar, amma aikin gama ya gama. Wanda aka haifa a Pardy ya san duwatsun ƙasarsa kamar fuskokin 'ya'yansa.

Gwaggo Effie ta ɗaga buta. "In ƙara miki?"

Ran nan Dolma ta kasa cin abinci. Abin da ya fi yi mata ciwo, da yamma ta ji Gwaggo Verna a waya tana yabonta wajen 'yarta: "Yarinyar nan bakinta da kwaɗo. Ki zo ki ɗauki darasi." Kunya ta lulluɓe ta. Tsohuwa ta riƙe abu shekara da shekaru, ta hana 'yarta, ta ba baƙuwa, baƙuwar kuma ta zubar da shi a kan kofin shayi. Ta yi niyyar gaya mata gaskiya, amma ta kasa.

Da gari ya waye ta leƙa ta taga, ta hango takalman roba a ƙofar Gwaggo Effie. Ba ta tsaya ɗaura gashi ba ta tsallaka. Ta samu tsohuwar a kicin tana murza ƙullin fulawa.

"Gwaggo, don Allah kada ki je."

"Ina?"

"Kin san inda nake nufi. Laifina ne, ba nata ba. Ki tsinka a ko'ina, ni zan ɗaukar miki bokiti har in tafi. Amma can ki bar mata."

Gwaggo Effie ta dube ta sama da ƙasa. "Ji yarinya! Takalman nan wankewa na yi na shanya. Zauna kafin ki faɗi a kan ƙullina."

Dolma ta zauna a bakin kujera.

"Dutsen da ya tsage, ko? Akwai wani guntun icce a hagu, mai kama da tsoho ya sunkuya. Bai fito a hotonki ba."

Dolma ta ɗago kai. "Kin taɓa zuwa?"

"Tun ba a haife ki ba." Ta ci gaba da murza ƙullin. "Shekarar da teku ya ƙi dawo da Hedley, Verna ta daina ci, ta daina magana. Ko zagina ba ta yi, a nan na san abin ya yi tsanani. Wata safiya na ga ta fita ita kaɗai ba bokiti. Na ce wannan matar tafki za ta faɗa. Na bi ta a baya, na laɓe cikin itatuwa. Ta zauna bayan dutsen nan ta yi kuka har muryarta ta dushe, ni ma ina nawa a ɓoye. Da ta gama ta tashi ta cika aljihunta da bekaful ta dawo gida. Da yamma ta ce min mai dogon baki. Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ran nan ba."

"Kuma ba ki taɓa tsinka ba?"

"Ko ƙwaya. Ina da wurina, bai kai nata ba, amma yana cika min kwalabe."

"To me ya sa kike ta tambayarta?"

"In na daina tambaya ai za ta gane, 'yar nan. Verna ba wawiya ba ce. A ƙauyen nan ko atishawa ka yi sai an kawo maka miya. Wuri ɗaya ke gare ta a duniya da take kuka ba ido a kanta. In ta san na sani, na ƙwace mata shi ke nan. Don haka maganar hoton nan ki haɗiye ta, kin ji ko? Kada ki je ki sauke nauyin zuciyarki a kan tata."

Dolma ta gyaɗa kai. Ta ciro wayar, ta goge hoton a gabanta. Tana kallon hannayen tsohuwar, yatsun sun kumbura sun karkace, ta ji ba ta taɓa ganin mutum mai girma irin wannan ba.

"Sau ɗaya kika bi ta?"

Gwaggo Effie ta yi tsaki. "Sau ɗaya? Mace da ruɓaɓɓiyar gwiwa a cikin fadama, in ta faɗi wa zai ji ihunta? Duk shekara ina bayanta, ƙudaje suna cin rabonsu a jikina. Bana ne kaɗai na ga ta fita da mutum, na koma na kwanta abina."

Ta yanka ƙullin, ta jera a faranti, sannan ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"An ce ƙarshen wata za ki tafi."

"Eh. Amma malamina ya ce in ina so, zan iya dawowa baɗi in ƙarasa binciken. Ban ba shi amsa ba tukuna."

"Ki ba shi amsa," in ji Gwaggo Effie. "Ƙafafuna sun gaji da bin ta, 'yata."