Ranar da Aka Kai Sista Kallon Mutuwa

Shekara talatin da ɗaya Sista ta yi tana jinya a ɗakin taimakon gaggawa, kuma ko da ta ajiye aiki sunan bai sake ta ba. Ba ta san adadin idanun da ta rufe da hannunta ba. Shi ya sa da surukarta ta zo tana naci a je a ga sabon fim ɗin da ya gigita gari, sai ta yi mata kallon sheƙeƙe.

"Mama, sai kin ƙanƙame ni don tsoro," in ji surukar. "Wata tela ce ke zuwa wa mutum a mafarki ta auna shi. Duk wanda ta auna, kwana uku sai gawarsa."

"Tela mai cika alkawari a kwana uku? Lallai fim ne."

Ta dai bi su, ita da ɗanta da matarsa, don kada a ce tsufa ya zaunar da ita. Ƙarfe uku na rana suka shiga silimar. Sanyin na'ura ya yi mata yawa, ƙasa na danƙo da lemon da aka zubar, kowa ya rungumo kwalin gugguru kamar an ce za a yi yunwa.

Ba a yi nisa ba aka fara mutuwa. Wannan fanka ta faɗo masa, wancan madubi ya haɗiye shi. Jinin ja jawur kamar fenti, kuma duk mai mutuwa sai ya samu sukunin yin dogon jawabi. Sista ta taɓe baki. Waɗanda ta sani ba sa jawabi. Ruwa suke nema, ko su tambaya ko an kashe murhu, sai ka juya ɗaukar auduga ka dawo ka tarar sun tafi.

Amma fim ɗin bai ba ta haushi kamar 'yan kallo ba. Ƙarti da gemunsu suna ɓoye fuska a bayan kujera, 'yan mata na ƙwala ihu su kuma fashe da dariya. Irinsu ne, a ranta, waɗanda in an kwantar da mahaifinsu sai su tsaya daga bakin ƙofa suna toshe hanci.

A gabanta akwai wani ƙaton mutum da ya riga ya ga fim ɗin sau biyu, ya ɗora wa kansa aikin sharhi. Baki cike da gugguru yake yi wa matarsa bayani, duk layin na ji.

"Wannan ma tafiya zai yi. Ƙaddara ai ba a guje mata. Ni shi ya sa mutuwa ba ta ba ni tsoro."

Daidai nan telar ta faɗo allo da almakashinta, aka saki wata ƙara. Mai sharhin ya zabura ya shaƙi numfashi, sai maganarsa ta ɗauke. Ya miƙe tsaye, hannu biyu a maƙogwaro, ko tari babu. Na kusa suka yi dariya, sun zaci wasa yake. Da ya fara tangaɗi yana tunkuɗe kujeru, wata ta ce, "Ta auna shi," sai wuri ya yamutse. Rabi suka yi ƙofa suna tattake juna. Sauran suka ja baya suka ɗaga wayoyi suna ɗauka. Wani dattijo mai tabarau ya girgiza kai.

"Kwanansa ne ya ƙare. Ba abin da za a iya."

"Matsa min," in ji Sista.

Ta ce wa ɗanta ya tallafe mutumin kada ya faɗi. Ta zagaya bayansa, ta dunƙule hannu ƙasan haƙarƙarinsa, da ƙyar hannayenta suka haɗu saboda tumbi. Ta fizga ciki da sama. Shiru. Ta sake. A na huɗu wata ƙwayar gugguru da ba ta fashe ba ta yi tsalle ta faɗa kan kujerar gaba, mutumin ya ja iska da ƙara kamar tsohon famfo, ya zube yana hawaye.

Aka kunna fitilu. Waɗanda suka gudu suka dawo ɗaya bayan ɗaya, kowa da labarinsa. Wata ta rantse ta ga inuwa ta gitta a kansa. Dattijon ya ce ai da ma ya san da sauran kwana. Shi kuwa mai sharhi, da murya ta dawo, abin da ya fara faɗa shi ne ya ga telar ƙuru-ƙuru, har ta ɗora masa igiyar awo a wuya. Manajan silimar ya zo da gudu, ya ba shi ruwa, ya tambaye shi ko zai maimaita wannan maganar a ɗauka.

"Bawan Allah, ka je a duba haƙarƙarinka," in ji Sista. "Kuma ka riƙa haɗiyewa kafin ka yi magana."

Bai ji ta ba, yana gyara riga don hoto. Matarsa ce kaɗai ta kama hannun Sista ta riƙe.

A mota surukar ta juyo, idanunta na ƙyalli. "Mama, kin ga ikon Allah? Ƙaddara ce ta kawo ki yau."

"Nacinki ne ya kawo ni. Ƙaddarar da kuka tsaya kuna ɗaukar hotonta, ƙwayar masara ce."

Ɗan ya dube ta ta madubi, ya rage gudu.

Sati guda Sista ta yi tana shafa magani a kafaɗa. Fim ɗin kuwa ya ƙara wata biyu ana layi a kansa, kuma kujerar mutumin ba wanda ya yarda ya sake zama a kanta. Surukar ta koma sau biyu da ƙawayenta don ta nuna musu wurin.