Sakamako Biyu, Fom Ɗaya

Sau biyu Auta ta zauna jarrabawar shiga jami'a, kuma duka biyun ta ci. Matsalar ita ce fom ɗin neman gurbin karatu da take cikewa sakamako ɗaya kawai yake karɓa, ga shi ranar Litinin za a rufe.

A zaman farko ta samu maki 262, bayoloji ne ya ɗaga ta. A na biyu jimillar ta sauko zuwa 249, amma lissafi ya haura zuwa 81, fiziks 74. Yayarta, wadda take aikin nas, ba ta ga abin tsayawa tunani ba.

"Ke dai kin cika son wahalar da kai," in ji ta da safiyar Asabar, tana goge farar rigar aikinta. "Mai yawan za ki tura, ki nemi harhaɗa magunguna. Wa ya taɓa ɓoye babban maki ya nuna ƙarami?"

Auta ta ce to, amma ba ta tura ba. Da azahar ta ɗauki kwanon abincin Baba ta nufi shagonsa na kafinta, takardun sakamakon biyu a cikin jaka.

Ta tarar yana haɗa ƙofar kabad, fensir a bayan kunne. Ya share garin katako daga kan tebur da gefen hannu, ta shimfiɗa takardun, ya danne ɗaya da guduma, ɗaya da gwangwanin ƙusa don kada iskar fanka ta kwashe su. Ta karanta masa lambobin ɗaya bayan ɗaya, yana ci yana gyaɗa kai.

"Ni fa waɗannan lambobin ba su gaya mini komai ba," ya ce. "Wacce ce ta ranar da kika dawo kika hana ni aiki?"

"Na hana ka aiki, Baba?"

"Ƙwarai. Kika ƙwace fensirina kika zana mini tsani jingine da bango, wai an tambaye ku tsawonsa. Katakon mutane ne fa. Sai da na kankare shi."

Auta ta yi dariya har ta dafa tebur. Ta nuna ta biyun.

"To ta farkon fa? Ban tuna kin ce komai ba."

"Barci na yi da na dawo."

Baba ya rufe kwano, ya jira. A nan ne ta faɗi abin da ta yi wata uku tana juyawa a ranta: fannin injiniyan gine-gine take so ta karanta, kuma a wannan sashen, makin lissafi da na fiziks suke fara dubawa. Tsoronta kada jimillar ta yi kaɗan, ta rasa nan ta rasa can, ta kuma ɓata wa Yaya rai.

"Nawa suke nema?"

"Ban duba ba. Tsoro nake ji."

"Ikon Allah. Mai 81 a lissafi tana tsoron lamba ɗaya. Je ki ku duba da yayarki, ni ina da ƙofa a gabana."

Da la'asar Yaya ta dawo daga asibiti. Auta ta bari ta cire takalmi ta sha ruwa, sannan ta faɗa mata komai a tsaye, da sauri, kamar mai karanta hadda. Yaya ta ajiye kofin ruwan.

"Shi ne kika bar ni ina ta zuba tun watan jiya? Miƙo mini kwamfutar."

Suka buɗe shafin sashen. Ana neman jimilla 240, lissafi kada ya gaza 70. Yaya ta karanta sau biyu, ta jawo takardar farko ta duba: lissafi 58.

"Kin ga da na kai ki na baro," ta ce a hankali. Sai kuma ta harare ta. "Amma ki sani, duk ranar da zan yi gini, kyauta za ki zana mini."

Ita da kanta ta ɗauki hoton sakamako na biyu, ta sake ɗauka saboda inuwar yatsanta ta fito a na farko. Auta ta danna maɓallin turawa.

Bayan sati shida saƙo ya shigo wayarta tana tsakar wanki, hannu duk kumfa. Ta roƙi Umma ta karanta mata. Umma ta nisanta wayar daga fuskarta, ta matso da ita, ta ce rubutun ya yi ƙanana, bari ta nemo tabarau.

"Umma, don Allah, kalmar farko kawai!"

"Wai suna taya ki murna," in ji Umma. "Sauran kuma sai kin ɗauraye hannunki."