Kyaftin da Bakanikiya

Ta daɗe tana wasan kwaikwayo a rediyo, har mutane suka bar kiran sunanta, kowa sai Mai Murya. Da gidan rediyon ya daina wasanni ya koma kiɗa da talla, sai ta dawo gida ta zauna, muryar ba ta da sauran aiki sai faɗa da mai gyaran famfo.

'Yarta Auta ce ta samo mata aiki. Auta tana zane a wani ƙaramin kamfani mai yin wasannin kwamfuta, irin waɗanda labari ake bi, mai wasa ya zaɓi abin da mutanen ciki za su faɗa, labarin ya juya yadda ya zaɓa. Kashi biyar za a fitar, ɗaya bayan ɗaya. Labarin wani jirgin ruwa ne da injinsa ya mutu a tsakiyar teku, kuma ana neman babbar mace mai cikar murya ta yi kyaftin. Darakta na jin Mai Murya ta karanta layi biyu ya ce an gama.

Ita Auta ba 'yar wasa ba ce. Wadda za ta yi muryar bakanikiyar jirgin ce ta fasa, darakta ya ce Auta ta riƙe wurin kafin a samu wata. Ba a ƙara nema ba. A mota, kullum za su tafi situdiyo, uwar ke koya mata inda ake jan numfashi.

"Buɗe bakinki, Auta. Magana kike kamar kina tsoron kada ƙuda ya shiga."

"To Mama, bakanikiyar a ɗakin inji take, ita kaɗai. Wa za ta ɗaga wa murya?"

Da kashi na farko ya fito, masu sharhi suka yabi zanen da labarin, suka ambaci muryoyin a taƙaice. A kashi na biyu ne abin ya sauya. Baban Auta, wanda bai taɓa riƙe abin buga wasan ba, ya ɗora tabarau a karan hanci yana karanto musu sharhin wata babbar mujallar wasanni daga wayarsa, suna kan teburin karin safe.

"Ku ji, ku ji. ‘Bakanikiyar ita ce ran wasan. In ta yi magana sai ka ji kamar a gefenka take zaune.’ Auta, ashe gado ba ya ɓuya."

"Kyaftin fa?" in ji Auta.

Ya ci gaba da karatu, sai muryarsa ta fara raguwa. "‘Kyaftin kuwa, ko ruwa za ta roƙa, sai ta yi kamar tana jawabi ga taro.’" Ya aje wayar ya jawo kofinsa. "Yaran yanzu. Me suka sani?"

Mai Murya ta yi dariya fiye da kowa. Ta taya Auta murna, har ta ƙara mata shayi. Amma da suka fita ta ɗauki wayarta ta nemo sharhin, ta ƙara girman rubutun, ta karanta shi tun daga sama. Daga shi ta faɗa wani, ta faɗa wani. Akwai wanda ya kira Auta sabuwar tauraruwa. Akwai wani saurayi mai sharhi a bidiyo da ya kwaikwayi muryar kyaftin, ya dafe ƙirji, abokinsa na dariya a gefe. Ta san abin da take ji a ranta, ta kuma san sunansa, sai dai ba ta taɓa jin an ce uwa ta yi wa 'yar cikinta ba. Don haka ta kira shi ciwon kai ta shiga ɗaki.

Daga ranar Auta ta daina yin daidai a gidan. Ta bar kofi a falo, ta cika gishiri a miya, dariyarta a waya ta yi yawa. Darasin mota ma ya tsaya. Wata rana Auta ta tambaye ta yadda za ta faɗi wani layi mai wuya, ta ce, "Ni zan koya wa tauraruwa?" Ta faɗe shi da sigar wasa, amma babu wadda ta yi dariya.

A ƙarshen kashi na uku jirgin ya fara shan ruwa, aka ba mai wasa zaɓi: ya bi umarnin kyaftin, ko ya bi shawarar bakanikiya. Kamfanin yana ganin abin da mutane suka zaɓa, kuma kusan kowa bakanikiya ya bi. Da aka kawo takardun kashi na huɗu, Mai Murya ta auna nata a hannu ta ji ba nauyi.

"Anti, ba rage ki muka yi ba," in ji darakta, yana sosa ƙeya. "Labarin ne ya bi inda mutane suka bi."

"Ai na gani. Inda aka fi tafi nan ake rawa."

Babbar fitowar da ta rage mata guda ɗaya ce, inda kyaftin za ta miƙa wa bakanikiya makullin jirgi a gaban ma'aikata. A takarda an rubuta cewa da alfahari za ta miƙa. Aka saka su a ɗaki ɗaya mai bangon soso, makirfo biyu suna fuskantar juna, darakta da mai haɗa sauti suna bayan gilashi.

Auta ta fara layinta. Kafin ta kai ƙarshe uwar ta shigo a kanta, tsohuwar dabarar 'yan rediyo ta cinye wa abokin wasa wutsiyar magana. Aka sake, ta kuma. A karo na uku ta bar ta ta gama, sannan ta dube ta ido cikin ido, ta sauke murya ƙasa yadda ba ta taɓa yi a gaban makirfo ba.

"Ga shi. Tunda ke suke so, riƙe. Ni na koya miki inda kowane ƙarfe yake a jirgin nan, amma riƙe."

Rabin maganar ba ta cikin takarda. Auta ta tsaya da baki a buɗe, layinta ya ɓace mata, sai numfashinta kawai makirfo ke ɗauka. Can ta ce, "Ban roƙa ba," a hankali. Shi ma ba ya cikin takarda.

Darakta ya danna maɓalli ya ce, "Kada wanda ya taɓa wannan. Haka za a bar shi."

A hanyar gida Auta na tuƙi, ba ta kunna rediyo ba. Sai da suka tsaya a danja ta ce, "Mama, da ni kike ko da bakanikiya?"

"Wasa ne, Auta. Aikina ke nan tun ba a haife ki ba."

"To."

Kashi na huɗu ya fi duk na baya samun yabo. Baban Auta ya zo da wayarsa har kicin yana murna, ya ce yau dai yaran sun yi hankali. Mujallar nan ce ta rubuta cewa sai yanzu kyaftin ta zama mutum, wai ba su taɓa jin hassada ta fito tsirara a muryar ɗan wasa kamar haka ba, har mai sauraro ya ji kunya ta kama shi. Suka ce tsohuwar 'yar wasan ta cancanci kyauta. Saurayin bidiyon ma ya nemi afuwa.

"Kin ji ko? Ƙwarewa ba ta tsufa," in ji shi.

Auta tana wanke kofuna, ba ta juyo ba. Ta ce, "Barka, Mama." Mai Murya ta karɓi wayar ta karanta da kanta. Wannan yabon ta yi watanni tana jira, ga shi ya zo, kuma ba ta iya ɗaga ido ta dubi bayan 'yarta ba.

Da lokacin ɗaukar kashi na biyar ya yi, darakta ya kira ta ya ce an ƙara mata fitowa da yawa. Sannan ya ce Auta ta roƙi a riƙa ɗaukar nata a rana dabam, wai aikin zane ya yi mata yawa.

Ranar sai Baban Auta ya kai ta. Ta shiga ɗakin ta tarar an ɗauke makirfo ɗaya, an jingine sandarsa a lungu. Mai haɗa sauti ya miƙa mata abin saurare ta saka a kunne, ya ce zai sako mata layukan bakanikiya da aka riga aka ɗauka, ita sai ta riƙa amsawa. Muryar Auta ta shigo, tana tambayar kyaftin ko ta ga alamar tudu. Mai Murya ta ce ya maimaita mata. Ya maimaita. Ta ce ya ƙara.

"Anti, akwai matsala ne a sautin?"

"Babu," ta ce. Ta gyara takardarta, ta matso kusa da makirfo. "Mu je."