Saniyar da Ta Riƙe Nononta

Tun ranar da matar Dogo ta rasu, Gimbiya ta riƙe nononta.

Gimbiya saniya ce, ja mai farin goshi. Marigayiyar ce ta sa mata wannan suna, don ba ta cin harawar da wata saniya ta riga ta sa wa baki. Bana da ta haihu, ɗan maraƙin bai zo da rai ba, kowa ya ce nonon ya tafi ke nan. Matar ta ce a bar ta da ita. Ta yi ta lallashi, tana shafa ta, tana yi mata hira kamar wata ƙawarta, har saniyar ta yarda tana saki ba maraƙi. Amma fa ita kaɗai take sakar wa.

Yanzu Dogo ne ke zama a kan 'yar kujerar tatsa. Sauran shanun ba ruwansu, duk wanda ya zo da bokiti za su ba shi. Gimbiya kuwa sai ta tsaya ƙiƙam tana kallon ƙofar garke. Ya ja, ya ja, abin da zai samu da ƙyar yake rufe gindin bokiti. Hantsar ta cika ta yi tauri, gefe ɗaya har ya fara ɗaukar zafi. Ya san inda abin zai kai. Shi yana cikin ƙungiyar masu noma da kiwo ba sinadari: ba takin zamani a gona, ba feshi, shanu kuma ciyawar gonarsu suke ci. A ƙa'idarsu, saniyar da ciwo ya kai ta ga allurar kashe ƙwayoyin cuta ta bar garken ke nan, sai a sayar. Shi kuwa ko cikin ransa bai iya hango Gimbiya a bayan motar wani ba.

Autarsu ce ta matsa masa ya je taron ƙungiyar na shekara. Ita ce ta rage a gidan bayan masu gaisuwa sun watse, gobe kuma za ta koma birni wurin aikinta.

"Baba, ka je. Akwai likitocin dabbobi, ka tambaye su. Ni ma ka ba ni wuri in yi aiki, ba zan tafi in bar ka da gidan nan haka ba."

Ya san aikin da take nufi. Kayan uwarta za ta fitar, ta wanke, ta ninke, a kai wa 'yan'uwa. Shi ma ba ya son a yi yana nan. Sai ya gama tatsar safe, ya canza riga, ya fita bakin titi ya tari mota.

A babban ɗakin taro na makarantar koyon aikin gona ake yi. A baranda an jera tebura: mai sayar da irin shuka da 'yan kwalabensa, mai injin yanka ciyawa, wani kuma da buhunan ruɓaɓɓen taki yana cewa kowa ya zo ya shinshina. A bakin ƙofa wata budurwa na raba katin rataye a wuya.

"Ku biyu ne ai, Baba. Ina ta biyun?"

Tun da daɗewa matar ta sa sunansu. Dogo ya miƙa hannu ya karɓi duka biyun, ya rataya ɗaya, ɗayan ya sa a aljihu.

Bai yi nisa ba mai iri ya hango shi.

"A'a, ɗan rakiya! Ina uwargidan? Ta ce za ta kawo min waken nan nata mai jan ido, ko ta ɓuya ne?"

Haka suke kiransa a taron nan, ɗan rakiya, don kowace shekara ita ke magana, ita ke ciniki, ita ke musu da masu jawabi, shi yana biye da jaka. Bai taɓa jin haushin sunan ba. Ya buɗe baki ya faɗa masa. Mai iri ya cire hula, ya yi addu'a, sai ya shiga gyara kwalaben da ba su karkace ba. Dogo ya wuce don ya sauƙaƙa masa.

A ciki ya zauna a layin da suka saba, kusa da taga, ya ɗora jakarsa a kujerar gefe. Aka fara. Wani ya yi bayanin juya shuka, wake bana, hatsi baɗi, sannan a bar wa shanu fegin su ci su taka. Wata ta nuna hotunan yadda ake tara kashin shanu a lulluɓe har ya ruɓe. Maganganu ne masu amfani, amma Dogo yana jin su kamar rediyon maƙwabta. Da tana nan, da yanzu ta zungure shi da gwiwar hannu ta ce, ka ji ko, abin da nake faɗa maka ke nan.

"Malam, da mutum a nan?"

Wata dattijuwa ce, gajera, da sanda a hannu, tana nuna kujerar da jakar take.

"E," in ji Dogo. Sai kuma ya ɗauke jakar. "A'a. Zauna."

"To, ka yanke shawara dai, ƙafata ba ta jiran kowa," ta ce, ta zauna tana nishi.

Da aka zo tambayoyi ya ɗaga hannu, hannun ya kai rabi, sai ya ɓige da sosa kunne. Bai saba jin muryarsa cikin mutane ba. Sai da aka fita shan shayi ya bi layin masu ganin likitan dabbobi, wani mai gilashi da ya gaji amma bai nuna ba. Likitan ya saurare shi har ƙarshe. Ya ce a riƙa gasa hantsar da tsumma mai ɗumi, a tatse ta a lokaci ɗaya kullum, a wuri ɗaya, ba hayaniya.

"Duk na yi," in ji Dogo.

"To ka ci gaba, wani lokacin sai a hankali. Amma Baba, in ka ga zazzaɓi ya shiga, ko nonon ya fara guda-guda, kada ka tsaya duba ƙa'idar ƙungiya. A yi mata allura. Gara ta rayu a garken wani."

Dogo ya yi godiya. Gaskiya aka faɗa masa, ya sani. Ya karɓi shayinsa da yankan burodi, ya koma ƙarshen baranda ya zauna a kan dakali, inda ba kowa.

Bai kai kofin baki ba ya ji ƙarar sanda.

"Matsa min. Kai duk inda ka zauna sai ka cinye wuri da ƙafafu." Dattijuwar ce. "Ina bayanka a layi, na ji abin da ka ce. Kunnena ne kaɗai bai tsufa ba. Wa ke tatsarta da?"

"Mai ɗakina."

"Tana ina?"

Dogo ya dubi kofinsa.

"Allah ya jiƙanta," ta ce a hankali. Ta tsoma burodi a shayi. "Nawa mijin shi ma ya tafi ya bar ni da wata baƙar saniya mai taurin kai kamarsa. Ta ƙi ni ƙememe, har harbi ta kai min. Ka san abin da na yi? Tsohuwar rigar aikinsa na sa. Mutum ne kamar kai, dogo ba dalili, rigar har ƙasa, ina tafiya ina takawa, jikoki suna ta dariya. Na zauna, ta juyo ta shinshina, sai ga nono. Saniya ba fuska take dubawa ba, ɗan'uwa, hanci take bi. Matarka ba ta da rigar da take tatsa da ita?"

Tana da ita. Wata shuɗiya mai manyan aljihu, tana rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakin madara. Kullum yana wuce ta, bai taɓa iya kai mata hannu ba.

"Ka sa ta. Warin zai gushe a hankali, amma kafin nan naka ya shiga ciki, ta saba da kai ba ta sani ba. Abu ɗaya dai, kada a kuskura a wanke."

Dogo ya ajiye kofin. Ya lalubo waya ya kira Auta. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Yana iya ganinta a tsakar gida, hannu cikin kumfa har gwiwa, wayar tana can kan gado.

"Lafiya?" in ji dattijuwar.

"Yau ake wankin."

"To me kake jira? Bar burodin, ni zan ji da shi."

Ana buga ƙararrawar komawa zaure, shi yana fita ƙofar makarantar. Motar da ya samu ta tsaya a kowane ƙauye, ana sauke buhu ana ɗora buhu. Ya riƙa kira har ya haƙura, ya riƙe wayar a cinya yana kallon gonakin mutane suna wucewa. Katin taron na nan a wuyansa, ya manta bai cire ba.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya tura ƙofar gida. Igiya biyu Auta ta ɗaura, daga bishiya zuwa taga, duk sun cika. Zannuwa, riguna, mayafai, duk ya san su, ya san wadda aka sa ranar me. Can ƙarshe ga shuɗiyar, an juya aljihunta waje, ta bushe har ta yi ƙarau.

"Baba, har an tashi?" Auta ta fito tana goge hannu. "Ka ga wannan ta tatsar? Ita ta fi ba ni wahala. Sai da na jiƙa ta a ruwan zafi, na wanke na sake wankewa kafin ƙarnin ya fita."

Yatsunta duk sun yi fari sun tattare. Dogo ya dube su.

"Sannu, Auta. Kin sha aiki."

Ya sauke rigar daga igiya, ya kai hanci. Sabulu ne kawai, mai ƙamshin lemo. Duk da haka ya yafa ta a kafaɗa, don ba za ta shige shi ba, ya ɗauki bokiti da ruwan ɗumi ya nufi garke. Auta ta bi shi da kallo, sannan ta bi shi da ƙafa.

Ya gama da sauran shanun, ya zo kan Gimbiya. Ta juyo, ta shinshina rigar, ta yi atishawa, ta mayar da kai wajen ƙofa. Ya gasa hantsar. Zafin ya fi na safe. Ya ja, ɗigo kaɗan suka faɗa bokiti, shi ke nan.

"Baba, me ya sa ka sa rigar Inna?"

Bai so faɗa mata ba, amma bai iya ƙarya ba. Ya faɗa a taƙaice, yana kallon bokiti, ya ƙara da cewa ai ba laifin kowa ba ne, shi ma sai yau ya ji. Ya ji takun Auta tana fita.

Ya zauna shi da saniyar. Gobe zai kira likita. Ya fara tunanin wa zai sayar wa, wanda ba ya dukan dabba, wanda zai yarda ya riƙa zuba mata harawarta daban.

Takun ya dawo. Auta na riƙe da wata 'yar leda da aka ƙulle bakinta tam. Ta daɗe tana kwance ƙullin. Ɗankwali ne, tsoho, ruwan ƙasa, wanda uwarta ke ɗaurawa in za ta tatsa, goshinsa har ya yi sheƙi saboda jingina da cikin saniya.

"Wannan ban wanke ba," ta ce. "A jakata na ɓoye. Da shi zan tafi."

Dogo ya dubi ɗankwalin, ya dubi 'yarsa.

"Mayar da abinki, Auta. In na sa, nawa warin zai koma."

"Na sani."

"Ba ki da wani."

"Cire hular, Baba."

Ya cire. Ta tsaya a bayansa ta ɗaura masa, ta ƙulle a ƙeya yadda uwarta ke yi.

"Allah ya sa kada maƙwabta su leƙo," ta ce, tana dariya tana share ido da bayan hannu. "Wallahi ka fi Inna kyau da shi."

Dogo ya matsa da kujerar, ya sunkuyar da dogon wuyansa, ya jingina goshi da cikin saniyar. Ƙamshin man gashin matarsa ne, da hayaƙi, da madara. Ya rufe ido. Gimbiya ta juyo a hankali. Ya ji numfashinta mai ɗumi a kunnensa, a ƙeyarsa, ta daɗe tana shinshinawa. Sai ta yi wani ɗan kuka ƙasa-ƙasa, irin wanda saniya ke yi wa ɗanta. A ƙarƙashin hannunsa ya ji hantsar ta saki.

Nonon ya fara bugun gindin bokiti da ƙara, sannan ƙarar ta yi laushi, kumfa ta taso. Bai ɗaga kai ba, yana tsoron ko motsi ya yi ta fasa.

"Yi mata magana mana," in ji Auta da raɗa. "Inna hira take yi mata."

Dogo ya shiga neman abin faɗa. Shi ba mai hira ba ne.

"Na je taron," ya ce wa saniyar. "Mai iri yana tambayar waken."

Auta ta ninke ledar da ba komai a ciki, ta sa a aljihu, ta fita kwashe shanya kafin raɓa ta sauka.