Gadon Ƙasa Don Dada

Ni Ruƙayyatu, wadda ko da takalmi ba na bari a taka mini falo, sai ga ni da kaina ina jibga jar ƙasa a sabon gidana na Gwallameji. Duk saboda Dada ne, mahaifiyata.

Bara da sanyi na ɗauko ta daga rugarmu ta bayan Gubi don a duba mata gwiwa. Kwana huɗu ta yi. Ta ce sanyin tayil ya shiga ƙashinta, katifa kuma ba abin kwanciyar mutum ba ce. Na sayo hita, ranar da na jona ta aka ɗauke wuta, ba a kawo ba sai da Dada ta isa gida. Bana gwiwar ta tsananta, ko bakin rijiya ba ta iya zuwa. Da ƙyar ƙanena Yero ya lallaɓa ta, ta yarda ya kawo ta ranar Juma'a ta sama ta ga ɗakin da zan sauke ta. In ya yi mata, ta zauna har bazara. In bai yi ba, su juya tare, kuma na san halinta, ba za ta sake takowa ba.

Ina tuƙa tuwo dabarar ta faɗo mini. Me Dada take kwana a kai tun tana amarya? Gadon ƙasa, wanda ake zuba garwashi a ƙarƙashinsa! Na yar da muciya na kira Habila magini ina ta rawar jiki.

"Hajiya, wannan ai ƙaramin aiki ne," in ji shi. "Ki bar ni da bulo da siminti."

Ya gina shi sumul, ya fasa bango ya fitar da bakin ramin waje don hayaƙi. Har hoto na ɗauka. Da ya bushe muka juye garwashi kasko guda a ramin, muka koma ɗaki muna shafawa muna murmushi. Ba mu ankara ba sai fau! Gado ya tsage gida biyu.

Habila ya sosa ƙeya. "Gaskiya siminti ba ya shiri da wuta."

"Au, sai yau ka sani? Ka ga ɗan banzan aiki!"

Ihuna ne ya kawo Mama Paulina, maƙwabciyata, tsohuwa 'yar garin Bogoro mai sayar da waina. Ta leƙa, ta kama ciki tana dariya har da hawaye.

"Ke da shi duk boko ya ɓata ku," ta ce. "Kwana nawa ya rage mahaifiyar taki ta zo?"

"Tara, Mama."

"Ya isa, in za ki ji magana. Habila, jeka ka samo jar ƙasa amalanke huɗu, da ƙaiƙayi, da kashin jaki."

Kashin jaki, a gidana! Na haɗiye, na ce a kawo. Muka naɗe zannuwa, ni da ita muka shiga taɓo muna kirɓawa da ƙafa, tana rera waƙar garinsu ina amsawa ba tare da na san me nake faɗa ba. Babban magini ya koma ɗan ɗiban ruwa. Rabon da in yi farin ciki irin na ranar har na manta. Aka bar ƙasar ta kwana biyu ta tsima, sannan Mama ta ɗora gadon da hannu, ƙasa-ƙasa, yadda mai ciwon gwiwa za ta hau babu taimako.

Wajen busarwa muka yi faɗa. Garwashi cikin marfin tukunya kawai take sawa, safe da yamma. Ran Laraba na taɓa na ji danshi, raina ya tashi, na ciko shebur da garwashi. Ta make mini hannu.

"Sauri ya haifi nawa, 'yar nan. Ki fasa wannan ki gani ko zan sake taka miki laka."

Na ajiye ina ƙunƙuni. Ran Alhamis da la'asar gado ya bushe ƙayau. Na shimfiɗa tabarma, na zauna, ɗumi ya ratso ni a hankali har ƙugu. Na yi guɗa sai da yaran layi suka leƙo.

Juma'a da hantsi keke napep ya tsaya a ƙofa. Iska na kaɗawa, Dada ta fito a ƙudundune cikin mayafi biyu, Yero na riƙe da ƙunshinta. Ni ce 'yar fari, don haka ba ta kiran sunana, ko ido ba ta haɗawa da ni. Ta dogara sanda har ɗakin, ina biye da ita.

Ta tsaya ta dubi gadon. Ta ɗaga tabarma ta ƙwanƙwasa. Ta sunkuya ta shinshina.

"Ƙaiƙayin ya yi yawa," ta ce wa Yero.

Sai ta jingine sanda, ta hau, ta miƙe ƙafar mai ciwo. Ta shiga murza gwiwa.

"Yero, ajiye kayan nan. Tashi ka kama hanya kada ka rasa sallah."

Ya fita yana ƙifta mini ido. Na tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa ni, ina son in yi ihu kunya ta hana. Dada ta matsa jikin bango, ta juya mini baya, ta daddaɓa tabarmar da ta bari.

"Wanda ya gina wannan bai iya awo ba," ta ce. "Ya yi wa mutum ɗaya faɗi."

Na cire takalmi na hau.